Na Rufe Warin Fenti da Turaren Wuta

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce komai a nan ba. Masu tsokanata cewa littafi ya haɗiye ni, a'a, ciwo ne.

Maigidana yana ƙera ƙananan gidaje na kwali da roba, irin waɗanda masu zanen gini ke nuna wa mutum kafin a haƙa tushe. Da wata 'yar bindiga kamar biro yake fesa musu fenti. Bayan na tare, ya haɗa akwatin feshi a ƙaramin ɗakinmu a Ƙofar Sauri: katako, fanka, soso a bayanta, da bututun fitar da wari.

Ta tagar waje ya kamata bututun ya bi, amma nan matan maƙwabta ke shanya. Ya ji nauyinsu, ya juyo shi barandarmu, inda nake shimfiɗa tabarma in yi karatu bayan azahar.

Ban so baƙi su ce gidan amarya na warin gareji. Sai in zuba turaren wuta a kasko, in saki labulen baranda, in nutse cikin labarina. Kullum haka. A ganina dabara na yi.

Ciwon kai ya fara. Sai tari. Sai ƙirjina ya riƙa fito idan na kwanta.

Wata la'asar na kasa ƙarasa Fatiha. Ina jan iska, ba ta shiga. Na ɗauka tafiyar ce ta zo.

A asibiti suka sa mini oksijin, aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kakina har sau uku don ana zargin tarin tibi. Dangi suka ware mini kofi. Wannan ya fi allura zafi.

Rana ta huɗu likita ya ce, "Ba tibi ba ne. Mi kike shaƙa a gida?"

Na ce turare.

Maigidana ya sunkuyar da kai. "Likita, har da fenti da tina, ruwan da nake tsinka fentin da shi."

"Malam, kana sa takunkumi?"

"Ina sawa."

"Ita fa?"

Sai Inna, mahaifiyata, ta dube shi ta ce, "Ka tausaya wa zannuwan maƙwabta, ba ka tausaya wa huhun ɗiyata ba?" A gaban kowa ya yi kuka.

Kwanana tara a asibiti. Injin feshin ya sayar aka biya magani.

Yanzu ina tafiya, ina girki. Amma asma ta zauna, abin shaƙa ba ya barin jakata, kuma an raba ni da turaren wuta. Shekarata ashirin da biyu.

Alhamdulillahi. Na gode wa Inna, da Sista Rifkatu da ta riƙe hannuna lokacin da nake tsoron rufe ido, da ku masu addu'a.

Mai feshi a gida, ka kai bututu saman rufi, ka duba wa ke zaune inda iskar ke sauka. 'Yan uwana mata, in wari ya sa ku ciwon kai, ku ajiye kasko ku fita waje. Ku je asibiti tun kuna iya tafiya da ƙafarku.