Ƙofar da Aka Fasa a Katangar Sito

Shekarun baya, lokacin da ake ta haƙe-haƙe a Riyad ana shimfiɗa layin jirgin ƙasa na cikin gari, ina aikin direba a wani ƙaramin ofishin injiniyoyi a unguwar Ulaya. Mu bakwai ne a ofishin, ni kaɗai ne ba ni da tebur. Aikina in ɗauko mudir, wato mai ofishin, wanda kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, in kai takardu baladiyya, wato ofishin hukumar gari, in sayo shayi idan aiki ya ɗau zafi. Kwana kuwa a unguwar Jaradiya nake yi, a wani tsohon gida, ɗaki ɗaya ni da abokina, wani Badamagare mai aikin shara da goge-goge a wani dogon bene. Bakano da Badamagare a ɗaki ɗaya, kun san dai ba a rasa tsiya. Kullum sai ya kira ni bawansa, ni ma ba na barin ta kwana.

Abokin nan nawa ciwon gwiwa ke damun sa, tun wata faɗuwa da ya yi daga kan tsani a wajen aiki. Shi ya sa da aka fara gina tashar jirgi a bayan unguwarmu ya fi kowa murna. Sai ya hau saman gida yana hango ginin yana cewa, "Bakano, ga jirgi nan an kawo mini har ƙofar ɗaki. Kai sai ka ci gaba da fama da sitiyari."

A ido kam tashar kusa take. Amma tsakaninmu da ita akwai doguwar katangar wani tsohon sito, ta tare bayan unguwar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duk mai son zuwa tashar sai ya bi katangar har ƙarshenta, ya fita babban titi, ya dawo ta ɗaya gefen, kuma babu ko inuwar da kaza za ta fake.

Ana nan sai wata gidauniyar taimako ta sanar cewa za ta ba da tallafi ga duk ofishin da ya kawo tsarin gyara unguwannin da ke kewaye da sababbin tashoshi, yadda mai hali da marar hali, tsoho da mai lalura, kowa zai ci moriyar jirgin. Ofishinmu ya shiga nema, kuma Allah da ikonsa tashar unguwarmu suka zaɓa. Na ga zanen manne a bango: ga lambu, ga ruwa mai tsartuwa sama, ga wurin shan gahawa, ga wurin jingine keke. Kyau kamar katin ɗaurin aure. Ta ɓangarenmu kuwa kibiya ɗaya aka ja, ta tsallake katangar kamar babu ita, aka rubuta a ƙarƙashi: minti biyar a ƙasa. Na karanta, na ajiye musu shayinsu, na fita. Ba a tambaye ni ba, ni kuma ban ga abin da ya haɗa direba da zane ba.

Ranar da gidauniyar ta turo wakiliyarta ta ga wurin, ni na tuƙa su. Wata dattijuwa ce, likita da ta yi ritaya, kowa Daktora yake ce mata. Tana baya da zanen a cinyarta, mudir yana gaba kusa da ni yana ta bayani. Wajen ƙarfe goma na safe ne, a farkon zafi. Muna isa kusa da tashar sai ta katse shi.

"Ya waladi," ta ce da ni, wato ɗana, "kai a ina kake zaune?"

Na ce, "Nan bayan katangar nan, ya Daktora."

"Ashe da ɗan unguwa muke tafe. To minti biyar ɗin nan da aka rubuta, haka ne?"

Ban waiga ba, amma na ji idon mudir a gefen fuskata. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, saura mako shida ta ƙare, kuma sabunta ta a hannunsa yake. Wallahi abin da na shirya faɗa shi ne, eh, kusan haka ne. Amma Larabcina na titi ne, ba ya iya kwana-kwana, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Minti biyar ne, ya Daktora, idan mutum tantabara ne."

Ni kaina na ji kamar in buɗe ƙofa in shige ƙarƙashin taya. Can sai na ji dattijuwar ta tuntsire da dariya. Ta naɗe zanen ta ce, "Ajiye motar a nan. Yalla, ka kai mu gidanku a ƙasa."

Mudir ya ce, "Ya Daktora, rana ta yi, kuma ga shekaru..."

Ta ce, "Su mutanen unguwar ba su da shekaru?"

Haka muka kama hanya, ni a gaba, ita tana biye da sandarta, mudir a baya da farar riga da sabon takalmin da ba a yi shi don tafiya ba. Sau biyu tana tsayawa ta jingina da katangar ta huta. A wani wuri gefen titin ya ƙare gaba ɗaya, sai da muka sauka kan kwalta motoci suna wuce mu da gudu, na tsaya ta gefen motocin ina kare ta. Mun gamu da wata mata tana tura keken jariri tana ɗaga shi a kowane tudu. Daktora kuwa agogonta kawai take dubawa. Da muka iso ƙofar gidanmu an haura rabin awa, rigar mudir ta manne masa a baya.

Ranar abokina bai je aiki ba, gwiwar ta tashi, yana zaune a ƙofar gida ya miƙe ƙafa. Ya tashi da ƙyar ya ba ta kujerarsa. Da ta sha ruwa ta huce, sai ta buɗe zanen ta nuna masa, ta ce in tambaye shi ra'ayinsa. Ya daɗe yana kallon lambun nan da ruwan nan, sannan ya ce, "Bakano, ka ce mata abin ya yi kyau, Allah ya saka. Amma ni ba lambu nake so ba, ƙofa nake so."

Na fassara mata yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ta karɓi biro a hannun mudir ta rubuta a bayan zanen.

Sai a lokacin na tuna motar tana can inda muka baro ta. Na sake kwasar rabin awa da sassarfa na ɗauko ta. Duk mai dogon baki dai ƙafarsa ce ke biya.

Mako biyu mudir bai yi mini magana ba. Da kansa yake tuƙa motarsa, ni kuma ina zaune a bakin ofis kamar buhun da aka manta. Har na fara haɗa kayana a jaka. Abokina yana ta ba ni haƙuri ta hanyarsa: "Kada ka damu, in an kore ka ka zo Damagaram, ina da gonar da ke neman bawa." Ina dariya, amma dariyar yaƙe ce. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a gida, kowa ni yake kallo.

Rannan sai mudir ya kira ni cikin ofishinsa, ya ce in zauna. Tun da na fara aiki ban taɓa zama a kujerar nan ba. Ya ce gidauniyar ba ta yi watsi da mu ba, amma ta ba mu wata ɗaya mu sake tsarin, kuma sai mun zauna da mutanen unguwar tukuna. Ya dube ni ya ce, "Kai ka jawo mana, kai za ka fitar da mu. Ka tara mini mutanenku."

Na nemi izinin limamin masallacin unguwa, na sanar cewa za a zauna a harabar masallaci bayan sallar Juma'a. Ina ta hura hanci, ni ne mai kiran taro. Mutum uku suka tsaya, ɗaya ma takalminsa yake nema. Ashe labari ya zagaya cewa binciken iƙama za a yi. Mudir ya kalli tabarmin da na shimfiɗa, ya kalle ni, ya shiga mota.

Abokina ne ya cece ni. Da gwiwar nan tasa ya bi gida-gida, ɗaki-ɗaki, yana cewa babu mai tambayar suna, babu mai tambayar takarda. Ga Hausawa kuwa sai ya ƙara da cewa, "Kuma Bakano ne zai sayi shayi da kuɗinsa. Ku zo ku ga abin da ba a taɓa gani ba."

Juma'ar da ta biyo baya harabar ta cika. Ga mutanen Maraɗi da Damagaram, ga namu na Najeriya, ga Sudanawa da Yamalawa da 'yan Bangaladash, ga dattawan unguwa 'yan ƙasa da aka haifa a nan. Daktora kuma ta zauna da mata a gidan wata maƙwabciya. Ina tsaye ina juya Hausa zuwa Larabci har muryata ta dishe. Ba wanda ya nemi abu mai tsada: ƙofa a katanga, rumfa a kan hanya, benci, randar ruwan sanyi, fitila, da gangare maimakon matakala. Mudir yana ta rubutu, tun yana yi don dole har na ga ya fara tambaya da kansa.

Can wajen ƙarshe wani tsohon tela daga Maraɗi ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ka tambaye su. In hanya ta yi kyau, haya za ta hau. To wa za a gyara wa unguwar, mu ko waɗanda za su zo bayan an kore mu?"

Da na fassara, mudir ya ajiye biro. Sannan ya ce, "Wannan ban yi tunanin ta ba." Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Maganar telan nan ta shiga sabon tsarin: a ware wani ɓangare na tallafin a gyara wasu tsofaffin gidajen waƙafi guda biyu da ke unguwar, bisa sharaɗin ba za a ƙara wa mazauna ciki haya ba na wasu shekaru. Aka soke ruwa mai tsartuwa da wurin gahawa.

An ba mu tallafin. Amma aiki bai zo da sauƙi ba. Mai siton da farko ya ce ko taku ɗaya ba zai bayar ba, sai da liman da Daktora suka yi ta sintiri wajensa, daga ƙarshe ya ba da wata 'yar siririyar hanya ta gefen filinsa, ya ce sadaka ce ga mahaifiyarsa da ta rasu. Takardun izini kuwa na yi ta kai su da dawo da su har masu gadi suka san ni.

Ranar da za a fasa katangar na ɗauki hutu. Muna tsaye muna kallo, da bulon farko ya faɗi, haske ya shigo, sai ga tashar tsaye a gabanmu kamar a miƙa hannu a taɓa. Mutane suka yi kabbara. Da aka share ɓaraguzai, abokina ne ya fara ratsawa yana ɗingishi, ya je ya dawo, ya ce, "Minti bakwai, da gwiwar Badamagare. Bakano mai lafiya sai ya yi goma saboda lalaci." Na juya baya kamar ƙura ce ta shiga mini ido.

Mudir ya sabunta mini iƙama ba tare da na roƙa ba. Ba a ba ni tebur ba, direba nake har na bar ofishin. Amma daga ranar, duk unguwar da za su zana, sai ya ce in ajiye mota mu zagaya a ƙasa tukuna.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Gidaje biyu kawai aka kare, sauran haya ta hau kamar yadda telan ya faɗa, wasu da muka yi taron da su sun koma bayan gari. Abokina ma bai hau jirgin ba. Gwiwar ta ci ƙarfinsa, ya koma Damagaram kafin a buɗe layin. Ranar da na fara hawa sai bidiyo na tura masa, tun daga ƙofar ɗakinmu har cikin tarago. Ya amsa da saƙon murya, rabi zagi rabi kuka.

Abin da na koya shi ne, masu ba da tallafi da masu zane ba lallai mugunta ce ke sa su tsallake talaka ba. Sau da yawa ba su taɓa taka hanyar ba ne, mu kuma da muke taka ta mun saba yin shiru. Hanyar rafi agwagwa ake tambaya, amma ita ma agwagwar sai ta buɗe baki. Ni dai ba jarumta na yi ba, baki ne ya suɓuce, amma da ya suɓuce ban janye ba, kuma da wannan nake alfahari.

Kwanakin baya na sauka a tashar da kaya niƙi-niƙi, na ɗan tsaya ina gyara riƙo. Sai wani bawan Allah, daga jin Hausarsa bai daɗe da zuwa ba, ya zaci ɓata na yi. Ya ce, "Alhaji, Jaradiya za ka? Kada ka zagaya, biyo ni, akwai wata ƙofa nan kusa. Ba kowa ya san ta ba."

Na ce, "Allah? To mu je, na gode."

Ya karɓar mini jaka ɗaya, ya shiga gaba, na bi shi a baya.