Cukun da Ya Ƙi Soyuwa

Shekara ashirin da wani abu ina suyar wagashi, cukun Fulani, a bakin titin Maamobi a Accra, daidai inda motocin haya na trotro ke sauke 'yan unguwar Nima. Duk wanda ya ce zai koya mini cuku, to faɗa yake nema. Amma cuku ne ya kunyata ni a Suwizalan, har na ɗaga wa surukina hannu.

'Yata ta fari ce ta haihu a can. Mijinta ɗan unguwar New Town ne, a gabana ya girma, yana aikin wanke-wanke a kicin ɗin wani otal a ƙauyen kan dutse. Shi ya aiko mini takardu in je in yi mata wankan jego. Na ƙulle kanwa da citta da barkono na tafi. Da na sauka daga jirgin sama, jirgin ƙasa ya yi ta hawa dutse da mu har kunnuwana suka toshe.

Ranar farko da na zuba mata ruwan zafi na ga bayanta. Shatin bel ne, wani ya warke, wani ɗanye.

Na ce, "Ke, mene ne wannan?"

Ta ce, "Mma, faɗuwa na yi."

Ni za a gaya wa faɗuwa! Na haɗiye maganata saboda jaririn, amma tun daga ranar na ƙudura ba zan koma Accra ba sai da ita. Sai dai ta rame ƙwarai, ko tsayuwa ta yi sai jiri ya ɗebe ta. Na ce bari in fara ciyar da ita tukuna.

Ina abincin? A gida mai jego gasasshen nama take ci da yaji har ta yi gumi. A can kuwa in ka ga kuɗin nama sai ka ja da baya kana salati. Na shiga yawo cikin rigar sanyin surukina, ba Turanci, ba yarensu, sai nuni da yatsa. A haka na gano kantin da ke manna wa kaya jar takarda da yamma, a sayar da araha. Na gano wani Baturke kusa da tasha mai sayar da wuyan rago na halal. Na gano inda leburorin hanya ke cin dankali da narkakken cuku, kwano ɗaya ya ishe mu mu biyu. Cakulan ma akwai karyayye a leda, mai sauƙin kuɗi. Shi nake narkawa da madara, in zuba citta da barkono, ta sha maimakon kunun kanwa. Wallahi ya karɓe ta, nono ya kawo.

Wata Laraba da yamma na samo cuku babba, fari sol, mai jar takarda. Na ce yau yarinyar nan za ta ci wagashin uwarta. Na yanka shi, na ɗora mai ya yi zafi, na zuba kamar yadda na saba. Namu na Fulani in ya ji mai ƙara ƙarfi yake yi, ya yi ja. Wannan kuwa, kai! Nan take ya zube ya zama kunu, ya kama kasko, ya fara baƙi. Hayaƙi ya cika ɗaki. Wani abu da ke manne a silin ya fasa ihu, jariri ya taya shi. Maƙwabta suka fito, tsohuwar da ke da gidan tana ta faɗa a waya.

Ba a jima ba surukina ya faɗo ɗakin da rigar aikinsa. Ko kallona bai yi ba. Kan 'yata ya nufa.

"So kike a kore mu daga gidan nan? Ba na ce ki riƙa lura da ita ba?"

Ya kwaɗa mata mari, tana rungume da jaririn. Kanta ya bugi ƙofa. Sai na ga hannunsa ya tafi ga bel.

Mu a zango suruka ko ido ba ta haɗawa da mijin 'yarta. Tun da ya aure ta ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ranar nan kunya ta bar ni. Na ɗauki kaskon da mansa da cukunsa na maka masa a wuya. Ya kurma ihu ya faɗi, cukun ya manne masa a fata yana ci, yana ƙoƙarin ɓamɓarewa da yatsu. Na ƙara masa a kafaɗa. Ina dukansa ina cewa, "Ni na soya, ni za ka daka! Tashi ka dake ni, ɗan banza!" Da ba a riƙe ni ba, Allah kaɗai Ya san inda zan tsaya.

Wadda ta riƙe ni 'yata ce. Ta ajiye jaririn, ta fizge kaskon, ta durƙusa tana zuba wa mijinta ruwan sanyi, leɓenta na jini. A asibiti ta ce musu hatsarin girki ne. Na so in yi magana, amma da wane baki?

Bayan kwana uku ya sauya mini ranar tafiya. Ita ta raka ni tasha, ta miƙo mini jakar cakulan ta tsaraba. Na kama hannunta na ce, "Ki hau mu tafi. Ɗakinki na nan."

Ta ce, "Mma, takardun yaron suna hannunsa. In bar ɗana?"

Na yi kuka a jirgin nan kamar ƙaramar yarinya, Turawa na kallona.

A Maamobi mata suka cika mini tsakar gida. Na raba musu cakulan, suna lasa suna tambaya, "Yaya mai jego?" Ina cewa lafiya lau, ta gaishe ku. Har yau haka nake cewa.

Tana kirana kowace Juma'a bayan an sauko masallaci. Muna hira, tana sa yaron ya yi mini gwalanti. In na ce ta buɗe bidiyo in gan ta, wani satin ta buɗe. Wani satin kuma sai ta ce, "Mma, yau dai mu yi da murya."