Rigar Hatsari da Na Wanke a Barade

A duk shekarun da na yi ina kula da kayan sawa na 'yan fim, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata a tsakiyar damina, a wani gida da muka ara a unguwar Barade, cikin Jalingo. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna jin ana ce mini Dada Mai Wanki, kuna dariya, ba ku san mafarin sunan ba. Gara ku ji daga bakina kafin Yohanna mai kamara ya ba ku nasa, don shi kullum sai ya ƙara gishiri.

Lokacin ban fi wata biyu da fara aiki ba. A da ni tela ce, ina da keken ɗinki a bakin Kasuwar Jalingo. Karatuna kuwa na ajin manya ne, wanda muke yi da yamma a coci, bayan na riga na aurar da 'yata ta fari. Darakta, Malam Jibrin, ya ɗauke ni ne don na iya ɗinki, kuma na iya rubuta suna a jikin leda. Aikina in ajiye kayan kowane ɗan wasa, in goge, in miƙa masa idan an zo ɗaukarsa.

Abin da ba wanda ya zaunar da ni ya bayyana mini shi ne, fim ba a jere ake ɗaukarsa ba. Ana iya ɗaukar ƙarshe yau, a ɗauki farko jibi. Saboda haka idan masu kallo sun ga tabo a kafaɗar hagu, dole tabon ya zauna a kafaɗar hagu har fim ya ƙare, ko da sati nawa ne tsakani. Wannan shi suke kira kwantiniti. Ni da nake jin suna ta ambatonta, na ɗauka sunan wata ce da ba ta zuwa aiki.

Labarin fim ɗin na wasu sababbin ma'aurata ne. Mijin ya faɗi da babur a hanyar Iware, ya bugu a kai, ya farka a asibiti bai san kowa ba, har matarsa. Ya koma gida tare da ita, amma kallon baƙuwa yake yi mata. Ta nuna masa hotunan aurensu, ya ce ai yanzu ana haɗa hoto a waya. Sadik ne ya fito a mijin, Lami kuma matar. A yadda aka rubuta fitowa ta ƙarshe, zai ce ta kawo masa shaida, ita kuma ta buɗe akwati ta ciro rigar da ya yi hatsari da ita, a yage, jini ya bushe a jiki, ta ɓoye ta wata uku. Yana ganinta sai ya tuna komai.

Ni ban san wannan ba, don ba a ba ni takardar labarin ba. Abin da na sani kawai, akwai wata shuɗiyar riga mai dogon hannu da aka sayo a gwanjo, guda ɗaya tak, ba ta da 'yar'uwa. Ranar ɗaukar hatsarin an yaga hannunta, an shafa mata jan kala da zuma da ƙasar hanya. Daga nan ta yi sati uku a leda.

Ranar Litinin da rana ina shirya kayan gobe, na buɗe ledar. Kiyashi ya cika ta saboda zumar, ga wani tsami da ya daki hancina. Na ce a raina, ɗan mutane ne zai taɓa wannan? Na tafi da ita gida. Na jiƙa ta a ruwan ɗumi, na cuɗa, na ɗauraye sau uku har jan ya fita tas. Da ta bushe na zauna na ɗinke hannun da allura, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Zaren da nake da shi ya ɗan fi rigar haske, amma na yi ɗinkin ƙanana. Na goge, na ninke. Ina ta jin daɗi a raina, ina cewa gobe Malam zai ga ya ɗauki mai aiki.

Talatar nan ita ce ranar ƙarshe da muke da Sadik, don washegari da sassafe zai tafi sansanin bautar ƙasa. Idan ba a ɗauki fitowar nan ba, fim ba shi da ƙarshe. Ga hadari yana haɗuwa ta gabas, Yohanna kuma da hasken taga yake aiki a ɗakin. Da aka gama saita kamara, Malam Jibrin ya miƙo hannu bai ko waiwayo ba.

"Dada, rigar hatsari."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya warware ta, ya juya gaba, ya juya baya.

Yohanna ya leƙo ya ce, "Mama, wannan ai ta zuwa coci ce. Ta hatsarin ake nema."

"Ita ce."

"Ita ce wacce?"

"Ita ce na wanke."

Sadik ya toshe baki, amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin hatsarin da ya bar mutum da karin guga ba."

Ba wanda ya taya shi. Malam Jibrin ba mai ɗaga murya ba ne; idan ransa ya ɓaci, Fulatanci yake komawa yi a hankali shi kaɗai. Ya yi na ɗan lokaci, sannan ya buɗe kwamfuta ya ce in matso. Ya nuna mini rigar a bakin hanya, ya nuna mini ita a asibiti, ya nuna mini ita a hannun Lami tana kuka. Ya ce, "Masu kallo sun ga tabon nan sau uku, Dada. Sun san shi kamar yadda suka san fuskar Sadik." Ya kuma gaya mini yadda aka rubuta ƙarshen labarin. Nan ne na gane abin da na yi.

Yohanna ya ce a sake yaga ta a shafa kala. Amma shi ma ya san sabon kala ƙyalli yake yi, na sati uku kuwa ya riga ya koma ruwan ƙasa, kuma kafin ya bushe ruwa ya sauko. Duk da haka ba wata dabara. Malam ya ɗauki almakashina a kan tebur, ya ɗora bakin almakashin a kan ɗinkin. Sai ya tsaya.

"Dada, me ya sa? Ba faɗa ba ne, so nake in sani."

Na ce, "Malam, na yi kuskure, ban tambaya ba. Amma yanzu da na ji labarin, ka yi haƙuri in faɗi abu ɗaya. Wace mace ce za ta ajiye jinin mijinta a akwati wata uku, alhali yana da rai, suna kwana ɗaki ɗaya? Ranar da mijina, baban Godiya, ya faɗo daga kan gini, kafin rana ta faɗi na wanke rigarsa. So nake in ya tashi ya sami abin sawa."

Lami, wadda tun ɗazu take zaune a bakin gado, ta ce, "Darakta, ni ma tun ranar da na karanta wurin nan yake yi mini nauyi a baki."

Malam ya daɗe yana kallon ɗinkin. Ya ajiye almakashin. Ya ja Lami gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba. Sadik kuwa cewa ya yi da shi, "Ka fara da naka yadda aka rubuta. Duk abin da ta ba ka, ka amsa da abin da ka ji a ranka. Ɗauka ɗaya muke da ita."

Na raɓe a bayan Malam, ina kallo ta ƙaramin allon da yake dubawa. Ɗakin ya yi tsit. Wannan Sadik mai dariya yanzun nan, sai na ga fuskarsa ta zama ta wani mutum da ban sani ba.

Ya ce, "Kin ce ke matata ce. Kowa ma haka yake cewa. Ni ban san ki ba. Ina shaida?"

Lami ta buɗe akwati, ta ciro rigar a ninke. "Wannan ce a jikinka ranar."

Ya warware ta da ƙarfi. "Ina jinin? Ina inda ta yage? Irin wannan ko yau kina iya sayowa a kasuwa."

Ta kalli rigar a hannunsa. Sannan ta ce, a hankali, "Na wanke. Ban san wata rana shaida za ka tambaye ni ba. Na ɗauka riga za ka tambaye ni."

Sadik ya sauke ido kan hannun rigar. Yohanna ya matso da kamara ba tare da an ce masa ba, sai ga ɗinkina ya cika allon, kowane sukan allura ana ganinsa, da zaren nan mai haske. Babban yatsan Sadik ya bi shi a hankali tun daga kafaɗa har ƙasa.

Ya ce, "Har yanzu ban tuna ki ba."

Ta ce, "Na sani."

Sai ya ɓalle maɓallan tasa rigar, ya cire, ya fara sa wannan. Hannunsa ya maƙale a ciki, ta miƙe ta ja masa. Daidai nan ruwa ya fara buga kwano. Malam bai ce a yanke ba sai da hasken ya tafi gaba ɗaya. Ko da ya faɗa, an ɗauki lokaci ba wanda ya motsa. Yohanna ya juya baya wai yana goge gilashin kamara.

Haka fim ɗin ya ƙare, mijin bai tuna ba, amma ya sa rigar. Muna kwashe kaya Malam ya zo ya ce, "Useko, Dada, na gode. Amma daga yau ko hankici ba za ki wanke ba sai kin tambaye ni."

Wannan dokar ita nake ba ku: kayan da aka ɗauka da su, ba a taɓa su sai an tambaya, ko da suna wari. Ni Allah ne ya rufa mini asiri. Sau da yawa irin wannan ɓarna ce kawai, ba abin da ke fitowa daga cikinta. Amma akwai abu na biyu. Kafin ranar, kallon masu wasa nake yi wa 'yan fim, yara da suka sami abin ɓata lokaci. Ranar na ga mutum yana da gaskiya, yana da iko, lokaci yana ƙure masa, ya tsaya ya tambayi tsohuwa dalilinta kuma ya saurara. Na ga yara biyu sun ɗauki magana ta tsakar gida sun mayar da ita abin da ni kaina ban san tana ɗauke da shi ba.

Ranar da aka nuna fim ɗin a gari, na zauna can baya. Da aka zo wurin ɗinkin, wata mata kusa da ni, ba ta san ni ba, ta taɓa ƙawarta ta ce, "Duba. Wadda ta yi ɗinkin nan tana son mijinta."

A lokacin, shekara tara ke nan da rasuwar baban Godiya.