Bencin Alhaji Mamman Dogo

Daminar bana ta cika shekara tara da rasuwar Alhaji Mamman Dogo, Allah ya jiƙansa. Shi ne shugaban farko na ƙungiyarmu ta masu sayar da tayoyi da kayan gyaran mota a bakin tashar Kawo. Yaya nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi mutumin Zamfara ne, ni kuma a Hayin Banki na tashi. Rigima ce ta haɗa mu, kuma labarinta nake so in bayar, domin a wannan watan ta dawo mini ta wata ƙofar.

Ina sabon shiga na kama ɗan shago kusa da nasa, da 'yan tayoyin gwanjo. Ba a jima ba ya kafa rumfar kwano a gaban shagonsa, ta shigo ta tare rabin ƙofata. Mai mota in ya tsaya, kayan Alhaji kaɗai yake gani. Maƙwabta suka ce in yi haƙuri, ai shugaba ne. Ni kuwa na san in na yi shiru, kafin sallah na rufe shago na koma leburanci. Sai na kai ƙara gaban dattawa.

A tsarin ƙungiyarmu, wanda shi da kansa ya tsaya aka rubuta, taron 'yan ƙungiya ke kafa doka, shugaba ya zartar. In an sami saɓani, dattawa biyar ke yanke hukunci, kuma shugaba ba shi ke naɗa su ba, ba ya kuma iya sauke su. Akwai wani sharaɗi da mutane suka ɗauka ado ne kawai: in ƙara ta shafi shugaba, zai bar kujerarsa ya zauna kan bencin masu ƙara. Kafin ni ba wanda ya taɓa gwadawa.

Ranar zaman ya iso cikin babbar riga. Wani ya yi sauri ya jawo masa kujera, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Yau wagga kujera ba tawa ba ce." Ya zo ya tsaya a kaina.

"Matsa mini, yaro. Kana son cinye rumfata, benci ma sai ka cinye?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Bencin gajere ne, ƙafarsa ɗaya na rawa, shi kuma dogo, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa. A haka ya kare kansa, kuma da zafi ya kare. Dattawa suka je suka duba wurin, suka dawo suka ce gaskiya tawa ce. Kafin la'asar ya kira mai walda, shi da kansa ya riƙe masa tsani aka sauke rumfar.

Abin da mutane ke mantawa in suna ba da labarin nan shi ne, Alhaji bai taɓa yarda dattawa sun yi daidai ba. Har ya koma ga Allah, in muna shan shayi sai ya ce, "Kai, an dai cuce ni a rumfar nan." Bin hukuncin da ya yi maka daɗi ba wani abu ba ne, kowa na iyawa. Shi ya bi wanda yake ganin kuskure ne, alhali da ya ƙi, ba mai iya tilasta masa.

Da muka saba na tambaye shi dalili. Kafin ya buɗe shago ya daɗe yana jan babbar mota zuwa kudu. Ya ce, "A duk yawona ban taɓa ganin an cire wa mota birki don direbanta mutumin kirki ne ba."

Bai yi boko mai zurfi ba, amma rediyo ba ta barin gefensa. Haka yake kallon kundin tsarin mulkin ƙasa: majalisa ta yi doka, gwamnati ta aiwatar, kotu ta ce wa kowa tsaya nan, mai mulki kuma ya yi wa'adinsa biyu ya ba wani wuri. A ganinsa ba don azzalumi kaɗai aka yi wannan ba. Azzalumi kowa na sa masa ido. Wanda ake so shi ne abin tsoro, don shi ake kwance wa igiya da murna, in ya tafi kuma wanda ya gaje shi ya tarar da ita a kwance. Nakan tambayi kaina me zai ce yau, in ya ji an ba da umarnin kotu an yi biris da shi, ko ya ga masu sa ido sun koma 'yan amshi. Ina jin ba zai yi dogon surutu ba. Zai tambaya ne kawai, a cikinsu wa ya taɓa zama kan benci?

To, yanzu ni ne kan kujerar, kuma wa'adina na biyu, wanda shi ne na ƙarshe a dokarmu, zai ƙare ƙarshen watan nan. Makon jiya Malam Isa, maƙwabcina mai sayar da batir, ya jagoranci wasu suka same ni a shago.

"Shugaba, ba yanzu ba," in ji shi. "Ana maganar faɗaɗa titi, shagunanmu na kan layi. Kai ka san ofisoshin nan, ka san wa za a gani. Mu kira taro mu gyara dokar, ka ƙara zango ɗaya."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Gaskiya suka faɗa, na san ƙofofin, kuma wanda ake ganin zai gaje ni yana da gaggawa. Shagona ma yana cikin waɗanda abin zai shafa. Gyaran doka kuma ba haramun ba ne, tsarinmu ya yarda taro ya yi. Ni ɗan kasuwa ne, na juya cinikin ta kowane gefe ina neman inda zan ce na'am. Inda na maƙale ɗaya ne: ba a zaune kan kujera ake gyara dokar kujera ba. Yau don titi ne, gobe wani zai zo da nasa dalilin, kuma nasa ma zai yi kama da gaskiya.

Na ce, "Malam Isa, in kuna son gyara, ku bari in sauka tukuna, kuma ya fara aiki kan wanda zai zo bayana. Ofisoshi kuwa, in sabon shugaba ya ce in raka shi, ko tsakar rana zan rufe shago mu tafi."

Bai ji daɗi ba. Ya ce in shaguna suka tafi, alhaki na wuyana. Wataƙila su tafi ɗin, ban da tabbas. Alhaji ma bai da tabbas ranar da ya riƙe tsani.

Shagon Yaya yanzu wani ke ciki, ya canza fenti, yawancin sababbin 'yan ƙungiya ba su san fuskarsa ba. Amma a Kawo, a ɗan lungunmu, har yau ƙaramin ɗan kasuwa na iya kai ƙarar shugaba ba tare da gabansa ya faɗi ba. Wannan ya bar mana, kuma ba a hannuna zai lalace ba. Allah ya haskaka kabarinsa.

Jiya na kira kafinta ya gyara ƙafar bencin nan mai rawa. Daga wata mai zuwa, in na bar kujera, a kansa zan riƙa zama kamar kowane ɗan ƙungiya.