Shekarar da Darlene Ta Kama Sandar Tuƙi

Ku gyara zama in ba ku labarin Darlene Niemi, maƙwabciyata a tashar jiragen ruwan garinmu. Shekara goma sha tara jirgina yana ɗaure kusa da nasu, har in ta soya albasa ni nake fara jin ƙamshi kafin mijinta.

Darlene gajeruwa ce, 'yar mai haƙar tagulla. Ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare abinci kafin ta yi ritaya, rabin garin nan sun ci daga ludayinta. Ba ta da yawan magana, amma in ta jefo maka guda ɗaya sai ka yini kana juya ta. Mijinta Arvo kuwa ƙato ne, tsohon mai gyaran wutar lantarki, muryarsa ta mutum uku ce. Jirginsu na iska ne, mai ƙyalle biyu, suka sa masa Kaisa, sunan mahaifiyar Arvo. Shekara talatin da takwas suna fita da shi tafkin Superior, ƙaton tafkin da ya raba mu da Kanada, daga narkewar ƙanƙara har zubar ganye.

A duk tsawon shekarun nan aiki a rabe yake, kamar yadda yake a yawancin jiragen tasharmu. Maigida yana baya riƙe da sandar tuƙi. Uwargida tana gaba, ita ce jefa igiya, ita ce sauke anga, ita ce dafa kofi, ita ce kuma shan tsawa. Babu wanda ya taɓa ganin aibun haka, har ita kanta.

A watan Maris na shekarar da nake ba ku labari, Arvo yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida sai ya yanke jiki ya faɗi. Zuciya ce. Ya yi kwana tara a asibiti ya fito da ƙafarsa, sai dai likita ya ce suman yana iya dawowa ba sallama.

'Yarsu Tammy ma'aikaciyar jinya ce a birnin Duluth. Ta zo duba shi, ina nan a ɗakin girkinsu muna shan kofi da burodi mai zaƙi, Arvo yana ta lissafa fentin da zai yi wa Kaisa kafin a sa shi ruwa. Tammy ta ajiye kofinta.

"Mama, in kuna tsakiyar tafki Baba ya suma ya faɗa ruwa, me za ki yi?"

"Sai in leƙa in tambaye shi," in ji Darlene. "Ai ko a ƙarƙashin ruwa ne sai ya gaya mini na yi ba daidai ba."

Ni kaɗai na yi dariya, nan da nan na haɗiye abata. Kowa a teburin nan ya san ruwan tafkinmu. Ko a tsakiyar bazara, minti goma ya isa yatsun mutum su daina kama igiya.

"To ga sharaɗina," in ji Tammy. "A jefa matashin kujera a ruwa a madadin Baba, Mama ta juyo da jirgi ta ɗauko shi kafin minti goma, sau uku a jere. Kai kuma Baba ko tari ba za ka yi ba. In ta kasa, jirgi ya zauna a tudu."

"Ke ce za ki kafa mini doka a jirgina? Ni da na koya miki ɗaura igiya?"

"Ni ce, Baba. Anti Gail ce shaida."

Ni ke nan. Haka aka rataya mini agogo a wuya ban nema ba.

Ranar farko, Darlene ta kama sandar kamar an miƙa mata maciji. Na jefa matashin, na danna agogo. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba Arvo ya ɓarke.

"Tura! Tura na ce, ba ja ba! Haba baiwar Allah, ina iskar take? Kalli ƙyallen!"

"Kyaftin," ta ce, "kai fa kana cikin ruwa yanzu. Wanda ke cikin ruwa ba ya surutu."

"Ai gara in nutse da in ga wannan ta'asa!"

Wannan matashin ba mu sake ganinsa ba, ina jin yana Kanada. Na biyu jirgin ya bi ta kansa. Daga ranar Darlene ta kafa tata dokar: da an jefa matashi, Arvo ya sauka ɗakin ƙasa, ta ja ƙofa. Sai dai ka hango fuskarsa manne da 'yar tagar, leɓe yana motsi.

To da aka rufe bakin nan, sai wani abu ya bayyana. Ashe matar nan ta san iska. Shekara talatin da takwas tana zaune a gaba tana jin ta a kumatu, ba wanda ya tambaye ta. Kafin mako uku ta daina kallon ƙyalle, tana jin jirgin ta tafin hannunta. Wata rana Kaisa ya kwanta gefe yana yanka ruwa, na waiwaya na gan ta tana murmushi ita kaɗai.

"Gail," ta ce ƙasa-ƙasa, "ashe abin da wannan mugun yake ji ke nan shi kaɗai, ni ina can ina wanke kofuna?"

A ƙarshen watan Yuni Tammy ta zo, aka yi jarrabawa. Minti takwas, minti bakwai, sai na ƙarshe shida da rabi. Arvo ya fito daga ɗakin ƙasa yana share ido, ya ce wai iska ce ta shiga masa. Muka ci busasshen kifi a bakin tasha, yana tare duk wanda ya gifta yana cewa, "Ni na koyar da ita!" Tammy ta rungume uwarta, ta ce to, an yarda.

Ita dai Darlene ba ta ci kifin kirki ba. Na lura, amma na ɗauka gajiya ce.

Bayan kwana huɗu, da safe, Arvo ya tafi aski, Darlene ta ƙwanƙwasa gefen jirgina. Na fito na tarar da jarkoki shida cike da ruwa, ta ɗaure su cikin tsohuwar raga.

"Wannan kuma fa?"

"Arvo ne," ta ce. "Laba ɗari biyu da talatin, ga jiƙaƙƙun kaya. Matashin nan da yatsa biyu nake ɗaga shi, Gail. Na isa wurinsa, to sai me? Kama agogonki."

Muka tura jarkokin cikin ruwa a gefen Kaisa. Ta sa ƙugiya ta kamo ragar, ta ɗaura igiyar da ake ɗaga ƙyalle da ita, ta koma ga abin naɗe igiya, wanda ake juyawa da hannu kamar injin taliya. Ta fara juyi. Muddin kayan suna cikin ruwa ba wuya. Da suka fara fitowa sai nauyi ya nuna kansa. Ta sa hannu biyu. Ta sa gwiwa ta tokare. Minti goma ya wuce, rabin ragar yana ruwa. A minti na sha takwas na ce ta bari haka, ba ta ko kalle ni ba. A na ashirin da shida kafaɗarta ta dama ta ƙi, ta zauna daɓas tana haki, jarkokin suna reto ba su kai bakin jirgi ba. Kuma wannan a cikin tasha ne, jirgi a ɗaure, ruwa kwance kamar a faranti.

Muna haka sai ga Arvo da sabon aski. Ya dubi ragar, ya dube ta, ya dubi agogon da ke hannuna. Ba wanda ya yi masa bayani.

"Minti nawa?"

"Ashirin da shida," na ce. "Kuma bai hau ba."

Da ya yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Darlene, sharaɗin matashi ne. Kin ci. Ba sai yarinyar nan ta ji wannan ba."

"Ni na ji ai."

"Zan sa rigar ceto, ba zan cire ba. Zan ɗaure kaina da jirgi."

"Sai jirgin ya riƙa jan ka a gefe kana shan ruwa. Kai ka ba ni labarin wanda ya mutu a haka."

"To ki kira masu ceto a oba-oba!"

"In muna wajen tsibirin da muke zuwa, minti arba'in ne kafin su iso. Kai ka ce."

Sai ya fusata. "Raina ne ko naki? Na gwammace in tafi a can da in ruɓe a kujera ina kallon talabijin!"

Darlene ta miƙe, tana riƙe da kafaɗar. Ko ƙirjinsa ba ta kai ba.

"Kai ka tafi ka huta. Ni ce zan tsaya da igiya a hannu ina kallon fuskarka a gefen jirgi har ka daina motsi. Sannan in tuƙo Kaisa gida, tunda yanzu na iya. Wannan kake so ka bar mini, Arvo?"

Ta ciro wayarta a gabansa ta kira Tammy, ta gaya mata komai, har da adadin mintocin.

A makon farko na Yuli aka ɗaga Kaisa daga ruwa. Filin ajiye jirage fayau yake a wannan lokacin, kowa yana tafki, sai shi kaɗai a kan ƙarafa. Arvo bai zo ba. Ya yi mako uku ba ya ce mata uffan, in ban da "miƙo gishiri".

Rannan na same ta zaune a bakin tasha, a gurbin da jirginsu yake a da. Iskar yamma tana kaɗawa daidai yadda ake so. Na ce ta zo mu fita a nawa, in ba ta sandar har tsibiri.

Ta kalli ruwan, na ga hannunta yana motsi a kan cinyarta kamar yana riƙe da sandar tuƙi.

"Daga tagar falonmu ana hango bakin tasha," ta ce. "Zai gane tuƙina."

"To sai me? Ke ma ai kina da haƙƙi."

"Na hana shi, sannan in je in ji daɗin a gabansa? A'a, 'yar'uwa."

Na zauna kusa da ita. Can ta ce, "Ya rame, Gail. Ba ya cin rabin abin da na zuba masa. Na tsare shi daga ruwa, ga shi yana ƙarewa a kujera ina kallo. Wallahi wani lokacin ban san wanne na zaɓar masa ba."

Ta dubi rana, ta ce lokacin maganinsa ya yi, ta tashi ta nufi mota.