Filawar da Ke Cikin Taya ta Biyar

A garinmu, can bakin Komadugu ta wajen Geskeru, ba mu da wani abu wai shi filawa. Kowane tsiro da sunansa, kuma sunan ne ke gaya miki yadda za ki yi da shi: wannan na miya, wannan na akuya, wannan ko da ƙafa kada ki taɓa. Sai da aure ya kawo ni Diffa na gane cewa a birni, duk abin da ya yi fure, aka sa shi cikin tsohuwar taya, aka shafa wa tayar fenti, to ya bar sunansa. Ya zama filawa. Filawa kuwa ba a tsinkar ta, ba a tambayar asalinta. Ruwa kawai ake ba ta.

Mun kama haya a gidan wata Hajiya 'yar Damagaram, mijinta yana da shago a kasuwa. Mace ce mai tsabta, ba ta da rowa, in ta yi miya sai ta aiko mini. Tana da tayoyi biyar a jere daga zaure zuwa bakin pampo. Huɗu ban san abin da ke cikinsu ba, mai gadin wani buro, wato ofis, ne ya kawo mata. Ta biyar, ita ce kusa da ƙofata, na gane ta tun ba ta yi fure ba. Ganye mai faɗi, mai taushi, in an murza sai wari. Da yamma fararen furanni su buɗe, dogaye kamar mazurari.

Na ce, "Hajiya, wannan ai haukata-yaro ne."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke 'yar nan, ku mutanen gona komai kuka gani sai kun raɗa masa mugun suna. Filawa ce. Da kanta ta fito, na dasa ta. Ki ji ƙamshi mana."

Ƙamshin nan na san shi. Ina da shekara tara ƙanwata ta tsinci 'ya'yansa a bayan wurin shanyar tattasai. Ƙwallonsa mai ƙaya ne, in ya bushe ya fashe, abin da ke ciki ba shi da bambanci da ƙwayar tattasai a idon yaro. Mu kuwa da ƙwayar tattasai muka tashi, muna taunawa muna wasa. Kwana biyu yarinyar nan ta yi tana kamun abin da babu a iska, idanu a buɗe baƙi wuluk, baki ya bushe, ba ta gane innarmu ba. Ta tashi, alhamdu lillahi. Amma ni ce na riƙe mata ƙafafu.

A lokacin da nake ba da labarinsa, 'yata ta fara tafiya, komai ta samu sai baki. Kuma in ina dakan tattasai tana gefena tana tsintar ƙwaya.

Na gaya wa maigida. Gyaran injin ban ruwa yake yi, yana dawowa a gajiye. Ya ce, "Don Allah ki bar wa mata filawarta. Gida mai pampo a wannan unguwa kin san yadda muka same shi? Ki goye yarinya."

Na goye ta. Amma wa zai goya 'yar da ta ɗanɗani tafiya daga safe har magariba? Na kewaye tayar da ƙaya, Hajiya ta ce gidanta ba garken awaki ba ne, ta sa aka kwashe. Na koma tsinke ƙwallon tun yana ɗanye, kullum in na fito shara. Surukar Hajiya, matar ɗanta da ke zaune a gidan, ta gan ni ta kau da kai. Hajiya kuwa da ta lura sai ta ce in bar mata biyu su nuna, ta yi wa ƙawarta alkawarin iri.

Na daina cewa filawa. In zan ɗebo ruwa sai in ce, "Bari in wuce ta wajen haukata-yaro." In baƙi sun yaba, in faɗa musu sunan. Hajiya ta daina aiko da miya.

Wata safiya ina wankin kwanoni na ji shiru. Na juya, ga 'yata tsugune gindin taya, hannu a dunƙule. Ƙwallo ɗaya ya fashe. Na buɗe hannun da ƙarfi, ƙwaya cike. Na zura yatsa a bakinta, na zagaye, babu komai. Duk da haka na saɓe ta sai gidan likita. Suka duba idonta, suka ce da alama ba ta haɗiya ba, in sa mata ido. A hanyar dawowa kowane taku sai na juyo da ita na leƙa ƙwayar idon.

Da na shigo Hajiya na zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ban ajiye yarinya ba, tana goye a bayana. Na gaishe ta yadda aka saba, sannan na je na kama haukata-yaron da hannu biyu na tumɓuke shi har saiwa. Na share ƙasar wurin, na tura duka a murhu bayan gida, nesa da yara.

"A gidana?" in ji Hajiya.

"A gidanki, Hajiya. Ki yi haƙuri. Sauran huɗun ban san su ba, ban taɓa su ba. Wannan na san shi."

"To ƙarshen wata ku nemi inda kuka sani."

Muka nema. Ɗaki ɗaya ne a bakin gari, ruwa sai na tura kura ko na ɗauko a ka. Maigida ya yi sati ba ya mini magana sai ta dole. Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga abin da zan ce na yi kuskurensa ba.

Bayan damina na haɗu da surukar Hajiya a layin masu kifi, da jariri a bayanta. Ta ja ni gefe.

"Yaya, abin nan naki ya sake fitowa. Ƙanana ƙanana, har gindin pampo."

"Wane abu?"

"Filawar nan mana."

"Ba ta da suna?"

Ta waiwaya, ta gyara goyonta. "Haukata-yaro," ta ce a hankali. "Kullum da safe nake bi ina murje su da ƙafa."

Na ce ƙafa ba ta isa, ta ciro da saiwa, kuma ta wanke hannu kafin ta ba yaro nono.