Ɗan Sarkin da Ya Ci da Kutare

Mu biyar ne a bakin murhu ran nan: Kaka Saratu, mahaifiyar Baba, Baba Iliya, mai bishara, Inna, ƙanena Dauda, sai ni. Gidanmu na gefen Bodinga ta hanyar Dingyadi, kuma mu kaɗai ne Kiristoci a shiyyar.

Shekarar ce ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Ɗan yankinmu ke mulkin ƙasa, amma sabulu da man girki sai wanda ya san wani. Baba yakan hau keke har Kajiji ya yi wa'azi, ya dawo da yunwarsa. Ƙosan Inna ke riƙe da gidan.

Kaka kuturwa ce. A asibitin mishan aka yi mata magani tun ba a haife ni ba, a can ta karɓi Yesu. Cutar ta mutu, amma ta tafi da yatsunta. Ƙwaryarta daban, moɗarta daban, kamar yadda aka saba. Da ta baro unguwar kutare ta dawo gidanmu da zama, sai magana ta fita wai ita ke gyara wa Inna wake. Da waɗanne yatsu? Amma ƙosai ya fara kwana. Har matan wasu shiyyoyi da muke sujada tare ran Lahadi suka koma saye a gaba. Da la'asar ɗin ranar da muka zauna bakin murhun na ji Inna a bayan rumbu tana ce wa Baba, "Malam, ko ita ko abincin yaran nan. Ni ban san na ukku ba." Kaka ma ta ji. Zana ce kawai tsakaninsu.

Da muka sha kunu, ta tura kara cikin wuta da dungun hannunta, ta dubi Dauda. "Matso nan, maigidana, miji ba ko sabulu. Ga wata tana tahe."

Wai akwai wani gari da ya tara kutarensa bayan ganuwa, ana miƙa musu tuwo da doguwar sanda. Ran nan ɗan sarki, shi kaɗai ubansa ya haifa, ya fito ya zauna cikinsu, ya sa hannu a ƙwaryarsu ya ci. Duk wanda ya ci tare da shi, fatarsa sai ta koma kamar ta jinjiri, ciwon ya hau ɗan sarki. Haka ya bi su ɗaya ɗaya har bai bar kowa ba. Da ya juyo zai koma gida, masu gadin ƙofa ba su gane shi ba, suka kore shi da duwatsu. A gindin ganuwa ya mutu.

Dauda ya ce, "Sai sarki ya yanka su duka!"

"A'a. Sarkin ne ya aiko shi."

Na ce, "To waɗanda suka warke fa, Kaka? Sun tsaya wurinsa?"

Ta yi dariya ba sauti. "Ke dai da bin diddigi. Sunka shiga kasuwa, ɗiyata. Sun daɗe ba su shiga ba."

Ba ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus kan kusu ba. Ta ce, "Wagga ba ƙarya ba ce. Iliya, kai ka san sunan ɗan sarkin. Gaya musu."

Na dubi Baba. Mutumin da ke tsayawa tsakiyar kasuwa yana faɗar gicciye ana yi masa ihu, ya kasa ɗaga kai daga toka. Inna ta tashi ta hau wanke ƙwaryar da ta riga ta wanke.

Yau na kai shekarun Kaka. Na ji wa'azin fansa daga bakin masu bishara da yawa, kuma na gaskata: jinin Yesu ya ɗauke zunubina, ya kuma tashi, ko da yake ran nan Kaka ba ta kai mu nan ba. Abin da ke hana ni barci shi ne, duk muna son labarin, muna rera shi da waƙa, amma a kowane gida mutum ɗaya ne ke biyansa, sauran mu ci mu ƙoshi. Ban ga laifin Inna ba, yunwa ta gani. Ban yafe wa Baba shirunsa da wuri ba. Kaka ba ta sake ganin wata damina ba.

Washegarin daren tatsuniyar ba ta jira kowa ya buɗe baki ba. Ta sa na ɗaure mata zane da ƙullin kayanta, za ta koma unguwar kutare da ke kusa da asibitin. Ta ƙi bin hanyar bayan gida. Ta bi tsakiyar shiyya, ƙofa ƙofa, tana ɗaga murya don kowa ya ji: "Salamu alaikum, masu gida. Kuturwar gidan Iliya ce. Na tahi, ba ni dawowa. A yahe mini."